Tsokar da ta mutu da wadda ta suma: lamarin wani ɗan kasuwa da hoton MRI na zuciyarsa

Alhaji, kamar yadda zan riƙa kiransa a nan, ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekararsa 56. Ya kai shekara goma yana fama da ciwon suga, daga baya hawan jini ya biyo, kuma kamar yawancin mutanenmu, sai jiki ya motsa yake tunawa da magani, da ya ji daidai sai ya ajiye.

Cikin azumi abin ya same shi. An sha ruwa, ya ci ƙosai da kunun tsamiya, ya tafi asham, yana cikin sallah ya ji kamar an ɗora masa garwashi a tsakiyar ƙirji, gumi ya karyo masa. Ya ce ulsa ce ta tashi, tunda dama duk azumi takan taɓa shi. Aka aiki yaro kemis ya sayo farin maganin nan na ruwa, ya sha, ya kwana a zaune, washegari ma ya ɗauki azumi. Sai a dare na biyu da numfashi ya fara sarƙe masa aka kawo shi asibitin da nake aikin likita, wajen awa 30 da fara ciwon.

Takardar ECG, awon lantarkin zuciya, ba ta bar mu cikin shakka ba. Layukan da ke kallon gaban zuciya, daga V1 zuwa V4, sun ɗaga sama, kuma alamar da ke nuna tsoka ta riga ta mutu ta bayyana a cikinsu. Turoponin, sinadarin da ke zubowa cikin jini idan ƙwayoyin tsokar zuciya suka fashe, ya hau sosai. Bugun zuciya ne babba, wato toshewar jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya tana shayar da bangon gaba da tsininta. Allurar narkar da gudan jini tana da amfani ne a cikin awa 12 na farko, shi kuwa ya ninka wannan lokaci har da ɗoriya. Muka ɗora shi a kan asfirin da ɗan'uwansa na hana jini daskarewa, da maganin kitse, da na rage ruwa a huhu, muka daidaita sugan.

Abin da eko ya gani, da inda ya tsaya

Washegari na yi masa hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da amon sauti. Babban ɗakin hagu na zuciya, wanda ke tunkuɗa jini zuwa jiki duka, a lafiyayyen mutum yakan fitar da kashi 55 ko fiye na jinin da ya cika shi a kowace matsa. Wannan adadi shi likitoci ke kira EF. Na Alhaji bai wuce kashi 30 ba. Bangon gaba da tsinin zuciya sun tsaya cak. Abin da ya ɗaure min kai shi ne bangon ƙasa, wanda wata jijiya ce daban ke shayar da shi, shi ma motsinsa da ƙyar, kamar mai jin barci. Tsinin kuma ban gan shi da kyau ba. Alhaji mai jiki ne, haƙarƙarinsa a matse, duk yadda na juya kan na'urar sai inuwa ta rufe wurin. Na rubuta cewa ban ga gudan jini ba. Gaskiya na rubuta, amma rashin gani ba rashin samuwa ba ne, kuma za mu dawo kan wannan.

Eko yana nuna motsi, kuma a kan wannan aikin babu abin da ya kai shi sauƙi da araha. Amma bango yana iya daina motsi saboda dalilai uku da ba su da alaƙa da juna wajen magani. Ko dai tsokar ta mutu ta zama tabo. Ko kuma ta suma ne, wato jini ya yanke mata na ɗan lokaci ya dawo, tana raye amma sai ta yi kwanaki ko makonni kafin ta farfaɗo. Eugene Braunwald da Robert Kloner ne suka yaɗa wannan bayani a 1982. Ko kuwa jijiyarta ta daɗe a tsuke, jinin da take samu ba ya isarta, sai ta rage aiki don ta tsira da rai, kamar kwaɗo da rani. A fuskar eko duk ukun kama ɗaya gare su.

Da ya samu sauƙi aka sallame shi, amma ko masallacin ƙofar gida ya taka sai ƙirji ya riƙe shi. Dangi suka zauna, kowa ya tofa albarkacin bakinsa, aka tsayar da shawarar Masar. Bayan mako huɗu babban ɗansa ya tafi da shi Alƙahira. A can aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar: ta gaba ta toshe gaba ɗaya a tsakiyarta, ta dama ta tsuke da kusan kashi 90, ta ukun da ke zagayawa ta gefe ba ta da wata matsala mai yawa. Ɗan ya kira ni da daddare.

"Likita, sun ce ko a buɗe duka biyun da ƙarfe, ko a tsaga ƙirji a yi wa jijiyoyin kwana. Amma babbansu ya ce a dakata sai an yi MRI. Wani cin kuɗin ne kawai?"

Na ce masa a'a, a yi. Tambayar da ke gabansu ba ta jijiya ba ce, ta gonar da jijiyar ke kai wa ruwa ce. Idan shukar ta riga ta ƙone, gyaran magudana ba zai dawo da ita ba.

Cikin na'ura

Ban je Alƙahira ba. Abin da zan faɗa a nan daga bakin ɗan ne da na Alhaji, da kuma faifan hotunan da suka dawo min da shi.

Na'urar MRI ba ta amfani da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ƙaton maganaɗisu ne, wanda aka sa Alhaji a ciki mai ƙarfin Tesla 1.5, wato ya ninka maganaɗisun ƙasa kusan sau 30,000. Yana jera ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki, a girgiza su da igiyar rediyo, a saurari yadda suke komawa mazauninsu. Tsoka da kitse da jini da tabo kowanne da irin tasa komawar, daga nan ake haɗa hoto. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun samu kyautar Nobel a 2003 a kan wannan aiki. Saboda ƙarfin maganaɗisun, sai an tsare mutum da tambaya kafin ya shiga. Aka sa Alhaji ya cire agogo da zobe, ya ajiye waya da makullan shago. Ma'aikaciyar ta hango haƙorin Makka a bakinsa ta tsaya, aka duba, aka ce ba zai hana ba, tunda a kafe yake kuma nesa yake da zuciya. An gwada ƙodarsa tun da safe, saboda ruwan allurar da za a yi masa, gadoliniyam, ta ƙoda yake fita. Tun 2006 aka gano cewa a masu ciwon ƙoda mai tsanani wasu nau'o'insa na iya jawo wata cuta da ke ƙandarar da fata, shi ya sa ake taka-tsantsan idan awon tacewar ƙoda ya faɗi ƙasa da 30. Na Alhaji, duk da shekarun suga, yana sama da haka nesa.

Zuciya ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto, ƙirji ma yana hawa yana sauka. Don haka ake manna wayoyin ECG a ƙirji na'urar ta riƙa ɗauka a daidai gaɓa ɗaya ta kowace matsa, shi kuma majinyaci ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a maimaita sau da yawa, na tsawon minti 45 ko awa guda. A nan aka so samun cikas. Da aka tura gadon cikin ramin, Alhaji ya danna ƙararrawa ya ce a fito da shi, wai kabari ya tuna masa. Ga ƙarar na'urar kamar ana sassaƙa turmi a kunnensa, ga umarnin da ake ba shi da Larabci da Turanci ba ya kama shi da wuri. Sai aka kira ɗan aka zaunar da shi gaban makirufo. "Baba, ja numfashi. Saki. Riƙe. Riƙe, Baba, saura kaɗan. To, numfasa." Haka suka yi har aka gama. Na ga hotunan farko guda biyu sun yi dishi-dishi, sauran kuwa tas. Ina ganin da ba a yi wannan dabarar ba da kuɗin ya tafi a banza, domin hoton zuciya na MRI rabinsa aikin majinyaci ne.

Karatun hoton

Da farko akwai hotuna masu motsi, yanka-yanka daga gindin zuciya zuwa tsininta, kamar an yayyanka albasa. Da su ake auna girman ɗaki ba tare da kintace ba, kuma EF ya fito kashi 32. Bangon gaba ya fara siranta. Sai wani salon ɗauka da ke haska ruwa, mai nuna kumburi: bangon gaba da tsini suna da sauran haske, alamar raunin sabo ne, bangon ƙasa kuwa babu.

Amma abin da aka je nema yana cikin hotunan da ake ɗauka minti 10 zuwa 15 bayan allurar gadoliniyam. Sinadarin ba ya iya shiga cikin lafiyayyar ƙwayar tsoka, a tsakanin ƙwayoyi kawai yake yawo. A tsoka mai rai ƙwayoyin a cunkushe suke, wurin zama kaɗan ne, sai ya shiga ya fita da wuri. Inda ƙwayoyi suka fashe, ko tabo ya maye gurbinsu, fili ya samu, sai ya taru ya daɗe. Mai ɗaukar hoton yana saita na'urar yadda tsoka mai rai za ta fito baƙi ƙirin, wurin da gadoliniyam ya maƙale kuma ya fito fari fat. Fari shi ne mushe.

Inda farin ya zauna ma magana ce. A 1977 Keith Reimer da Robert Jennings, a Amurka, sun ɗaure jijiyar zuciyar karnuka na tsawon minti 40, da awa 3, da awa 6, da awa 24, suka ga mutuwar tsoka tana farawa ne daga fuskar bango ta ciki, wadda ke kallon jini, tana cin gaba zuwa waje gwargwadon daɗewar toshewar. Shi ya sa tabon toshewar jijiya kullum daga ciki yake tasowa, kuma yana bin yankin jijiya ɗaya. Idan aka ga fari a tsakiyar bango ko a bayansa, cikin kuma lafiya lau, to sai a nemi wata cutar, kamar kumburin tsokar zuciya da ƙwayar cuta ke jawowa. Wannan kaɗai ya isa ya sauya wa mutum magani baki ɗaya.

Likitocin zuciya suna raba bangon ɗakin hagu kashi 17, tsarin da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a 2002, kowane yanki a duba nawa ne fari daga kaurinsa. A wurin Alhaji, yankuna shida, na tsini da na tsakiyar bangon gaba har da katangar da ta raba ɗakunan biyu, fari ne daga ciki har waje, sama da kashi 75 na kaurin. Awa 30 ɗin nan ke nan a rubuce. A bangon ƙasa kuwa wani siririn farin layi ne kawai a fuskar ciki, bai kai rubu'in kauri ba, kuma babu kumburi tare da shi. Wato tsohon rauni ne, ƙaramin bugun zuciya da ya taɓa samunsa bai ma sani ba, abin da ba baƙo ba ne a masu ciwon suga. Sauran kashi uku cikin huɗu na bangon baƙi ne, yana raye, yunwar jini ce ta hana shi aiki.

Me wannan kauri yake nufi a aikace? A 1999 Raymond Kim da Robert Judd da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern da ke Shikago sun nuna a karnuka cewa farin MRI ya yi daidai da wurin da tsoka ta mutu idan aka yanka zuciyar aka rina ta. A 2000 suka fitar da sakamakon majinyata 50 da aka ɗauka hoto kafin a buɗe musu jijiya, aka sake ɗaukar 41 daga cikinsu bayan an buɗe. Cikin yankuna 329 marasa motsin kirki da ba su da fari ko kaɗan, 256 sun farfaɗo. Cikin 58 da farin ya wuce kashi 75 na kauri, ɗaya tak ya motsa. Daga nan aka samo ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: idan tabo bai kai rabin bango ba akwai fata, idan ya wuce rabi fatan ya yi ƙaranci.

Sai abin da ya sa na ajiye kofin shayi. A can ƙuryar tsini, manne da farin bangon, akwai wani baƙin dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙarami, tsawonsa wajen santimita ɗaya da rabi. Baƙi kusa da fari yana iya zama abu biyu. Idan a cikin naman bangon yake, to ƙananan hanyoyin jini ne suka toshe har gadoliniyam ɗin ma ya kasa shiga, kuma wannan alama ce ta rauni mai muni. Idan kuwa a cikin ɗakin yake, gudan jini ne. Sun sake ɗauka da wani saiti da ke sa tsoka ta yi toka-toka, dunƙulen ya ci gaba da zama baƙi wuluk, kuma a fili yake cewa cikin ɗakin yake zaune. Gudan jini ne, a daidai wurin da inuwa ta rufe min a eko. Inda bango ya daina motsi jini yakan kwanta kamar ruwan kududdufi ya daskare, kuma ɓarɓashinsa ɗaya idan ya ɓalle ya hau kai, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Mutumin nan ya hau jirgi daga Kano da wannan abu a ƙirjinsa, da takardata a jakarsa mai cewa ban ga komai ba. Tun daga lokacin, duk mai babban bugun bangon gaba da ban ga tsininsa sarai ba, nakan rubuta a fili cewa tsinin bai ganu ba, in sake dubawa bayan kwanaki.

Hukuncin da aka yanke

Jijiyar gaba aka bar ta yadda take. Ɗan bai ji daɗin wannan ba, ya ce ai ita ce ta toshe gaba ɗaya, ya za a bar babba a gyara ƙarama. Amma ban da hoton, akwai wani babban gwaji da aka buga a 2006, mai majinyata sama da 2,000, wanda ya nuna buɗe jijiyar da ta toshe kwanaki 3 zuwa 28 bayan bugun zuciya, a mutumin da yanayinsa ya daidaita, bai rage mutuwa ko sake bugu ko gazawar zuciya ba. Tsaga ƙirji kuma, da irin wannan EF da gudan jini a ciki, don a kai jini ga tabo, ihu ne bayan hari mai tsadar gaske. Jijiyar dama aka buɗe aka saka mata sitent, ɗan bututun ragar ƙarfen nan, saboda tana shayar da tsoka mai rai kuma ita ce ke riƙe masa ƙirji idan ya yi tafiya. Aka ɗora shi a kan wafarin, maganin tsinka jini, saboda gudan jinin, tare da maganin kare sitent ɗin, aka janye asfirin bayan ɗan lokaci don kada zubar jini ta zama sabuwar matsala.

Ba zan ɓoye ba, wannan fage ba a gama gardama a kansa ba. A 2022 an buga wani gwaji daga Birtaniya mai suna REVIVED, majinyata 700 masu EF na kashi 35 ko ƙasa, da jijiyoyi da yawa a tsuke, da tsokar da gwaji ya nuna tana raye. Rabi aka saka musu sitent haɗe da magani, rabi magani zalla. Ba a ga bambanci ba a mutuwa ko kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. Don haka duk wanda ya ce maka da zarar MRI ya nuna baƙi to sitent zai tsawaita rai, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa. Ni a ganina hoton ya fi ƙarfi wajen cewa kada a taɓa nan fiye da cewa a taɓa can. A lamarin Alhaji ya hana tiyatar da ba ta da riba, ya tono gudan jinin da zai iya kayar da shi, ya kuma gaya mana yawan tsokar da ta tafi ba dawowa, wanda shi ne ke nuna irin tsaron da za a yi masa nan gaba. Sitent ɗin dama kuwa, ciwon ƙirjin ne babban dalilinsa.

Da suka dawo, Alhaji ya zo da faifan a cikin ambulan, ya zauna ya ce in nuna masa da idonsa. Na buɗe a kwamfuta na tsayar da hoton a yanka ɗaya: zobe baƙi, gabansa fari. Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna sana'arsa.

"Alhaji, idan gobara ta taɓa dila, daga waje kuke yanke mata kuɗi?"

"Ina! Sai an kwance an ga turmi nawa wuta ta ci. Wata ka ga bakinta ya yi baƙi, ciki lafiya lau. Wata kuma ta cinye har tsakiya."

"To wannan na'urar kwance dilar ta yi. Nan gaba wuta ta ratsa. Nan ƙasa gefe kawai ta lasa."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan farin. "Wannan ɗin zai koma baƙi?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe, tabo ne, tsokar zuciya idan ta mutu ba ta sake tsirowa. Aikinmu yanzu shi ne kada sauran ta gaji, kada ɗakin ya buɗe ya zama jaka.

Wata uku bayan sitent na sake yi masa eko, wannan karon na kwantar da shi sosai a gefen hagu na yi ta nema har tsinin ya fito. Gudan jinin ya narke. Bangon gaba yana nan shiru kamar yadda hoton ya faɗa, bangon ƙasa kuwa yana matsawa, EF ya kai wajen kashi 40. Ko sitent ne ya tashe shi, ko magunguna huɗun gazawar zuciya da Hajiya ta karɓi ragamar ba shi safe da yamma, ko duka biyun, majinyaci ɗaya ba ya raba wannan gardama. Amfanin adadin a wurinmu shi ne maganar dasa na'urar da ke farfaɗo da zuciya idan bugawarta ta rikice, wadda ake duba yiwuwarta idan EF ya tsaya a 35 ko ƙasa bayan an ba magani lokaci, mun jingine ta, ko da yake da tabo mai wannan girma ban cire ta daga lissafi ba. Ya koma kasuwa daga safe zuwa azahar, yaransa ke hawa bene ɗauko kaya. Zuwansa na gaba ya faɗo wata guda kafin azumi, kuma na riga na gaya masa ya taho da Hajiya da ledar magungunan gaba ɗaya, domin biyu daga cikinsu masu fitar da ruwa ne daga jiki, ga kuma zafin Kano.